Takarda Lamba Bakwai

Masu cika mini waya da saƙo cewa wai na cika masifa, ku gyara zama, yau ma ban huce ba. Matsalar kawai ita ce wannan karon ban san wa zan fara shaƙewa ba, ko Goggona, ko wannan mutumin, ko ni kaina.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: sunana Nodoka, shekarata ashirin da tara, 'yar garin Koriyama na ƙasar Japan ce ni gaba da baya. A kantin magani nake aiki. Amma idan bazara ta kai tsakiya, kwana ukun bikin Bon, lokacin da mamatanmu suke dawowa gida ziyara, ni ce mai rumfar kamun kifi a filin unguwarmu, tsakanin Tsoho Gonda mai soyayyar taliya da matar da ke gurza ƙanƙara. Rumfar Babana ce. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tsugunne gaban shuɗin bahon nan. A watan Janairu ya rasu, wannan ne Bon ɗinsa na farko.

Wasan dai kun san shi. A miƙa maka kwano da poi, ɗan zoben roba mai mariƙi da aka shimfiɗa wa takarda, ka yi ta ɗibar jajayen kifi har takardar ta yage. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne takardar tana da lamba. Ta huɗu kauri gare ta, ko makaho ya kama da ita. Ta bakwai kuwa, kifi ya yi mata kallon banza ma ta yage. Baba lamba biyar yake ba kowa, yaro da babba, mai kuɗi da wanda ya tono silallansa daga asusu. Wanda kuma ya tashi bai kama komai ba, sai ya ƙulla masa kifi ɗaya a leda kyauta. Dokokinsa biyu ke nan, babu ta uku.

To, sai Goggo Tamae, yayar Baba. Shekara uku ke nan matar nan tana yawo da wata jakar takardu ruwan hoda cike da hotunan maza. Na ƙi likitan haƙori. Na ƙi wani mai sayar da motoci. Akwai wanda ya zo da uwarsa, ita ta yi ta amsa tambayoyina yana gyaɗa kai, har abin da yake so ya ci ita ta faɗa. Shi ma na ƙi shi, Goggo ta yi wata guda ba ta gaishe ni ba, na samu hutu.

Ranar Laraba muna falo ni da Mama muna rataya farar fitilar takarda a gaban hoton Baba, don ya gane ƙofar gida idan ya zo. Sai ga Goggo ta faɗo, tana fifita da mafici, jakar nan a hammata.

"Wannan kam sai dai ki ce ba ki son aure," in ji ta tun kafin ta zauna. "Kuwabara Rintaro. Shekara talatin da biyu. A hukumar ruwa ta Osaka yake. Ba ya shan taba, yana da duk gashinsa."

"Goggo, ki riƙe mini wannan igiyar."

"Ba igiya ta kawo ni ba. Duba hoton."

Ban duba ba. Mama ce ta gyara murya, irin gyaran muryar da na san an riga an gama magana a bayan idona.

"Nodoka, shugaban kwamitin biki ya tambaye ni ko bana ce ta ƙarshe. Akwai masu son wurin."

"Wane wuri?"

"Wurin rumfa."

Na sauko daga kan kujerar a hankali don kada in faɗo. A gaban hoton mutumin! Turaren da muka kunna masa ko rabi bai ci ba, ana rabon wurinsa.

"Haba ke kuwa," Goggo ta ce. "Mace tana neman talatin, tana tsugunne gaban baho tana ƙarnin kifi, yara suna kiranta Anti Kifi. Wa zai ɗauka? Ubanki ma ai ya faɗa, duk mai son 'yarsa ya kama goma da takarda ɗaya. To ga shi na kawo. Asabar zai zo."

Wasa fa Baba yake yi da wannan maganar, tun ina 'yar firamare yake tsokanata da ita. Amma Goggo ta ɗauke ta ta mai da ita wasiyya. Ni kuma da zuciya ta ɗebe ni, maimakon in yi dariya in wuce, sai na ji bakina yana cewa:

"Na yarda. Ya kama goma da takarda ɗaya, in je in ga iyayensa, in kuma miƙa wa kwamiti wurin. Ya kasa, rumfa tana nan, jakar nan kuma kada in sake ganinta."

"Na shekara ɗaya."

"Har abada."

"Shekara biyu, kada ki raina ni."

Muka tsaya a biyu. Na juya na sunkuya wa hoton Baba don ya zama shaida. Ban ji ko ɗar ba. Na ga manyan maza masu taye sun tsugunna gaban bahon nan da cika baki, su kama biyu, takarda ta yage, su tashi suna cewa ruwan ne ya yi sanyi. Mai duba bututu a Osaka ne zai kama goma?

Ranar Asabar da la'asar zafi kamar a cikin tukunya, gyare suna ta tsaga kunne a bishiyar bayan gida. Ni gajeren wando da rigar aiki na saba sawa, amma Mama ta fito da wata yukata, doguwar rigarmu ta gargajiya, shuɗiya mai zanen fararen furanni, ta Kakata, da ɗamara ruwan ƙwai. Ta naɗe ni, ta cusa tawul a ƙuguna don rigar ta zauna, ta ja ɗamarar nan har sai da na ga taurari.

"Mama, numfashi fa?"

"Ki yi shi gobe."

Ta soka mini tsinken gashi mai ɗan ƙaramin kifin gilashi yana lilo, ta fita ɗauko takalman katako. A nan wayata ta yi ƙara. Zauren saƙon danginmu ne, mu goma sha ɗaya a ciki. Goggo ce:

"Sumie, na sa ta ƙarƙashin tawul ɗin rumfa. Mai jan zare a mariƙi. Lamba huɗu ce. Ni zan miƙa masa da hannuna, ke dai ki janye hankalin yarinyar."

Sumie sunan Mama ne. Ita kaɗai aka so a aika wa. Kafin in gama karantawa karo na biyu saƙon ya ɓace, sai ga wani ya biyo:

"Yi haƙuri jama'a, kuskure ne. Zafi ya yi yawa yau, kowa ya sha ruwa."

Kowa ya sha ruwa! 'Yan uwa, na zauna a bakin gado. Maguɗi a rumfar Baba. A Bon ɗinsa na farko, yana gida, yana kallo. Yayarsa ciki ɗaya, da matar da ta yi shekara talatin da huɗu tana wanke masa kwanonin nan. Da Goggo ce kaɗai da ban ji zafi haka ba, ita tun tana yarinya aka ce da maguɗi take cin kati. Amma Mama! Ta shigo da takalman, ta ajiye, ta gyara mini wuyan riga, ko idona ba ta iya kallo ba.

Na san abin da ya kamata in yi. In je in cire ta huɗun, in ajiye ta biyar, shi ke nan. Na sani sarai, kada wani ya rubuto mini wa'azi. Amma haushi ya riga ya turnuƙe ni. Na ɗauka shi ma mutumin da bakinsa a ciki, yana can yana gyara gashin da aka ce yana da shi duka, zai zo ya yi bajinta da takardar aro. Sai na wuce ɗakin ajiya.

A can saman kanta, bayan tsofaffin ledoji, akwai wani kwali da wani dillali ya kawo wa Baba kyauta shekara goma da suka wuce, wai ya gwada, kifi ba za su riƙa ƙarewa ba. Lamba bakwai. Baba bai buɗe ba, bai kuma yar ba. Ya ce a bar shi nan ya riƙa ganinsa yana tuna irin mutumin da ba ya so ya zama. Har ranar nan manne yake da gam ɗin kamfani. Da tsinken gashina na farke shi.

Na riga kowa isa fili. Na ɗaga tawul, ga ta nan kuwa da jan zarenta. Na kwance zaren, na ɗaura a ta bakwai, na mayar. Goggo ba ta san takarda ba, zare kawai ta sani. Da hannunta za ta miƙa masa, abin har dariya ya ba ni.

Kafin ƙarfe shida fili ya cika. An kunna fitilun takarda tun rana ba ta gama faɗuwa ba, mai ganga ya hau dakalinsa na katako a tsakiya, tsofaffin matan unguwa sun fara zagaye suna tafi ɗaya, taku biyu, kamar yadda suke yi tun kafin a haife ni. Hayaƙin taliyar Tsoho Gonda da kabeji yana shigo mini ido, ƙamshin gasasshiyar masara da ruwan soya yana tayar mini da yunwa, ga ɗamara ta hana ni ko haɗiyar yawu. Na jingina ƙaramin hoton Baba a jikin akwatin canji. Na ɗaure hannayen rigata da igiya ta baya, na tsugunna, na fara aiki.

Goggo ta zo ta dasa kujera a gefena wai taimako. Ko kwano ɗaya ba ta ɗauraye ba.

"Ga shi can! Kuwabara-san! Nan, nan!"

Na ɗaga kai da niyyar in raina shi. Dogo ne, siriri, da tabarau, cikin yukata ruwan toka wadda ta ɗan yi masa gajarta. Ba wani abin a zo a gani. Ya gaida Goggo, ya gaida Mama, ya gaishe ni. Sai ya juya ga hoton Baba ya sunkuya, ya daɗe a sunkuye, har na ce a raina, to sannu, ɗan wasan kwaikwayo, an koya maka da kyau.

"Bari in zaɓo maka mai sa'a," Goggo ta ce, tana zura hannu ƙarƙashin tawul, tana washe baki.

Ya karɓa. Ya ɗaga ta saitin fitila, ya juya gaba, ya juya baya. Ba wanda yake haka sai wanda ya san takarda. Ya sauke ta, ya kalle ni ta saman tabarau, kallo ɗaya. Na haɗe rai na miƙa masa kwano.

Ya naɗe hannun riga, ya tsugunna a kusurwar baho inda inuwa take. Ya sa poi a ruwa a karkace, ya jiƙa takardar duka lokaci ɗaya. Bai bi kifi ba, jira ya yi. Wani ƙarami ya taso, ya tare shi ta kai, ya bar wutsiyar a wajen zobe, ya zame shi cikin kwano kamar wanda yake sauke jariri.

"Ɗaya!" Tsoho Gonda ya yi ihu daga rumfarsa, ya bar taliya tana ƙonewa.

Biyu. Uku. Mutane suka fara tsayawa, wasu da ƙanƙara tana narke musu a hannu. Goggo tana zungurina da mafici.

"Kin gani? Hannun mai riƙe gida ke nan."

Ita tana ganin aikin takardarta ne. Ni kaɗai na san abin da nake kallo, don na san hannun nan. Karkacewar, jiran, barin wutsiya a waje. Mutum ɗaya na sani mai yin haka.

A na biyar takardar ta yage ta gefe. Na saki numfashi. Ko a jikinsa, ya juya ta ya ci gaba da rabin da ya rage. Shida. Bakwai. Duk filin ya ɗauka, har masu rawa suna waiwaye. Takwas. Gumi yana bin bayana yana shiga tawul ɗin da Mama ta cusa mini. Na kalli shuɗin bahon, da fashewar gefensa da Baba ya liƙe da hannunsa, na ji kamar ana zare mini wani abu daga ciki.

"Tara!" in ji Gonda, muryarsa har ta dishe. "Saura ɗaya, ɗan samari!"

Sauran takardar bai fi faɗin yatsa biyu ba, amma ya isa. Na ga ya isa. Ga wani ɗan kifi ma ya taso daidai gabansa, kamar an aiko shi. Mutumin nan ya ɗago poi daga ruwa, ya sa babban yatsansa, ya huda abin da ya rage. Ya juye kifi taran cikin baho.

"Ta yage," ya ce.

Goggo ta miƙe har kujera ta kife. "Ta yage ko ka yaga? Ina kallonka! Kowa ya gani!"

"Ta dai yage, Goggo. Tara ne."

Mutane suka watse suna dariya, Gonda ya koma yana kankare ƙonanniyar taliya yana zagin kansa. Goggo ta ja Mama gefe tana surfa bala'i. Shi kuwa yana tsugunne, ya ajiye zoben a bakin baho, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Goggonki ta faɗa mini zancen goma. Ta ce kada in damu, an gyara mini takarda. Na zo ne in mayar mata, in ce a ba ni irin ta kowa."

Ya kalli bahon, ya ci gaba.

"A bayan gidan wankan jama'a na unguwar nan muka zauna har na kai shekara goma sha ɗaya. Duk bazara a nan nake ƙarar da kuɗin kashewata. Babanki ne ya riƙe hannuna ya nuna mini. Kina can baya kina cika ledoji da ruwa, kina harara ta don na cika daɗewa." Ya goge tabarau da gefen riga. "Ba zan zama sanadin rufe rumfar nan ba. Amma ban taɓa zaton zan riƙe lamba bakwai a cikinta ba."

Da zagina ya yi da na san abin da zan ce, ai ni gwana ce. Amma a hankali ya faɗa, kamar mai ba da labarin ruwan sama. Na nemi masifata sama da ƙasa na rasa.

Ya miƙe, sai kuma ya tsaya. "Kwanona ba komai a ciki. A da, ana ba wanda ya tashi hannu wofi kifi ɗaya."

Na ɗebo ɗaya, na zuba a leda, sau uku ina ƙulla igiyar tana kuɓuce mini. Ya karɓa da hannu biyu, ya sake sunkuya wa hoton, ya shige cikin masu rawa da ledarsa tana lilo a yatsa. Rawar ma bai iya ba, kowa ya yi dama shi ya yi hagu.

To ga shi, na ci. Rumfa tawa ce, jakar ruwan hoda ta tafi hutun shekara biyu. Goggo ta tafi gida tana cewa za ta mayar wa mai kanti takardarsa, wai wace irin lamba huɗu ce wannan. Ya kamata in yi rawa har takalmina ya tsage.

Muna kwashe kaya Mama ta tsinci zoben mai jan zare. Ta murza ɗan guntun takardar da ya maƙale tsakanin yatsunta. Ita ba Goggo ba ce, shekara talatin da huɗu tana taɓa takardar nan.

"Kin buɗe kwalin," ta ce.

"Ku kuka fara! Ke da Goggo! Na ga saƙon!"

"Na sani." Ta ɗauki hoton Baba ta goge shi da hannun riga. "Ni na yi shiru a kan ta huɗu, ke kin buɗe ta bakwai. Mutum ya yi doguwar tafiya ya zo gida karo na farko, abin da muka tarbe shi da shi ke nan."

Ba ta ƙara ba. Na fi son ranar da ta mare ni ina 'yar shekara tara.

Yau da safe na tashi da haushin kowa. Haushin Goggo da zarenta. Haushin Mama da ta iya faɗin gaskiya bayan an gama ɓarna. Haushin wani mai duba bututu da ya zo garinmu, ya tsugunna a rumfata, ya ba ni kyautar abin da yake nawa, ya tafi ya bar ni da kunya. Wa ya roƙe shi? Na je na zauna gaban farar fitilar, na kasa ɗaga ido in kalli hoton. Rumfar da aka ci da lamba bakwai ba ta Baba ba ce, ko da sunansa ne a jikin tutar.

Goggo ta manta jakarta a falonmu. Na buɗe, karo na farko da hannuna, na samo lambar wayarsa. Na rubuta na goge ya fi sau goma. Ga abin da na aika:

"Ta jiya ba ta ƙirgu ba, ni na sa takardar. Yau rumfa tana buɗewa ƙarfe biyar. Lamba biyar, irin ta kowa. Sharaɗin yana nan yadda yake, har da wurin."

Na san me na yi. Mutumin da ya kama tara da ta bakwai, goma da ta biyar ai shan ruwa ne. Na kife wayar a kan tabarma na je na fitar da kwalin nan zuwa shara. Ina dawowa na tarar ya amsa.

"Zan zo. Kifin jiya yana cikin kwanon miyar ƙanwata, yana gaishe ki. Amma ki sani, yau ba zan yaga ba."

Ku duba mini rashin kunya! Wai ba zai yaga ba. Ni zai yi wa barazana a rumfar ubana?

Ƙarfe huɗu da rabi yanzu. Ba wanda ya ce in sa yukata yau, Mama ma tana kicin. Sau uku ke nan ina kwance ɗamarar nan ina sake ɗaurawa, ta ƙi zama daidai.